Malalar mai a Ogoni: Ko ƙwayoyin halitta za su iya wanke ƙasar?

A cikin ƙasa cokali guda akwai miliyoyin ƙwayoyin halitta da ido ba ya iya gani, kuma wasu daga cikinsu ɗanyen mai abinci ne a gare su.

A kan wannan ne kamfanonin mai suka daɗe suna dogara wajen share wuraren da mai ya malala a yankin Neja Delta.

Yadda ake yi ba shi da wuyar fahimta. Ana kaftar ƙasar da ta gurɓata domin iska ta shige ta, a zuba mata taki, sannan a riƙa juya ta lokaci zuwa lokaci. Da samun iska da danshi da taki sai ƙwayoyin bakteriya su hayayyafa, su narkar da man ya koma ruwa da iskar kabon.

An gwada dabarar a jihar Alaska ta Amurka bayan hatsarin jirgin dakon mai na Exxon Valdez a 1989, inda aka watsa taki a gaɓar teku, kuma ya gaggauta narkewar man. Duk da haka, bayan shekaru fiye da 20 an ci gaba da tarar da ragowarsa a ƙarƙashin duwatsu, inda iska ba ta kaiwa.

Inda gizo ke saƙar

Wannan matsala ta rashin iska ita ce ta bayyana a ƙasar Ogoni da ke jihar Ribas.

A watan Agustan 2011 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta fitar da rahoto da ya ce hanyar da kamfanin Shell ke bi ba ta yi tasiri ba.

An gina hanyar ne bisa zaton cewa akwai yumɓu a ƙarƙashi da zai tare man. Masu binciken kuwa sun gano cewa a wurare 49 man ya nutsa zurfin aƙalla mita biyar, nesa da inda ake kafta.

Daga cikin wurare 15 da takardun kamfanin suka nuna an kammala share su, 10 suna ɗauke da gurɓatar da ta haura ƙa'idar gwamnati.

A Nisisioken Ogale, an samu iyalai suna shan ruwan rijiya mai ɗauke da sinadarin benzin, wanda ke haddasa sankara, har ninki 900 na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi.

Ke nan laifin ba na ƙwayoyin ba ne. Araharsu ce ta sa aka ɗora musu aikin da ya fi ƙarfinsu: ana juya ƙasar sama, ciyawa ta tsiro, a rubuta cewa an gama, alhali man yana kwance a kan ruwan da jama'a ke sha.

Akwai ma gubar da ba sa iya narkarwa ko kaɗan. Dalmar da ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ƙarfe ce, don haka sai da aka kankare ƙasar gidajen aka binne ta.

Tafiyar hawainiya

UNEP ta ƙiyasta cewa farfaɗo da Ogoni zai ɗauki shekara 25 zuwa 30, ta kuma nemi a ware dala biliyan ɗaya domin shekaru biyar na farko. Ta ba da shawarar a riƙa tono ƙasar ana kai ta wata cibiya ta musamman.

Sai a watan Yunin 2016 mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da aikin a garin Bodo, ƙarƙashin hukumar HYPREP. A 2020 ƙungiyar Amnesty International da takwarorinta suka ce kashi 11 cikin ɗari kacal na wuraren aka soma taɓawa.

Tun 1993 Shell ya daina haƙo mai a Ogoni, kuma a 2025 ya kammala sayar da reshensa mai aiki a kan tudu ga kamfanin Renaissance. A watan Janairun shekarar ne Shugaba Bola Tinubu ya gana da shugabannin Ogoni kan batun komawa haƙar man a yankin.