Ihun koci a bakin fili: Yana ci wa ƙungiya wasa ko hayaniya ce kawai?

A filayen ƙwallon ƙafa na Shanga, Yauri da Ngaski, da ƙarfin murya aka fi auna koci. Wanda ya yini yana safa da marwa a bakin layi, yana ihu har muryarsa ta dushe, shi ake cewa yana da kishin ƙungiya. Wanda ya harɗe hannu ya yi shiru kuwa, da zarar an zura wa yaransa ƙwallo sai 'yan kallo su ce ba ya da zuciya.

Wannan ma'auni ya samu gindin zama ne daga gidajen kallon ƙwallo, inda kyamara ta fi son nuna kocin da ke tsalle da dukan iska. Matasan da ke horar da ƙungiyoyin unguwa sun kwaikwayi abin da suke gani a allo. Abin da allon ba ya nunawa shi ne aikin da aka yi daga Litinin zuwa Juma'a.

Zafin koci yana da tasiri, babu tantama. Amma tasirin yana zuwa ne idan zafin na ɗauke da umarnin da ɗan wasa ya gane, kuma ya riga ya saba da shi a wajen atisaye. Idan babu wannan, ihun ba ya wuce kunne.

Darasin da ke cikin kwalekwale

Mutanen bakin Neja ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. A bikin Rigata da ake yi a Yauri, jama'a na cika bakin ruwa da kiɗa da kirari, matuƙa kuma jininsu na tafasa. Sai dai duk wanda ya taɓa riƙe filafilin tuƙi ya san cewa idan na dama suka fi na hagu zafin hannu, jirgin juyawa zai yi, ba gaba zai ci ba. Jirgin da matuƙansa ke tsoma filafili lokaci guda, su ɗaga lokaci guda, shi ke wuce wanda kowa ke nuna ƙarfinsa shi kaɗai.

Haka abin yake a fagen dambe. Marigayi Ɗan Anace ya shahara wajen zuga Shago, kuma babu mai musun cewa kalangu na tsuma ɗan dambe. Amma a kowace karawa, duka 'yan damben biyu suna da masu yi musu kirari, kuma ɗaya ne ke kai ƙasa. Kirari na fito da abin da ke jikin mutum ne. Ba ya ƙara masa abin da bai tanada ba.

A filin ƙwallo ma koci biyu ne ke ihu, ƙungiya ɗaya ce ke tafiya da maki uku.

Jawabin da duniya ta kalla

Misalin da masu goyon bayan zafin koci suka fi kawowa shi ne na Hervé Renard. Ranar 22 ga Nuwamban 2022, a gasar cin kofin duniya ta Qatar, Saudiyya ta tafi hutun rabin lokaci Ajantina na cin ta 1-0 ta bugun fenaretin Lionel Messi. Bidiyon da ya fito daga ɗakin sauya kaya ya nuna Renard yana faɗa kamar zai ci babu. Cikin minti goma da dawowa, Saleh Al-Shehri da Salem Al-Dawsari suka zura biyu, aka tashi 2-1. Kafin ranar, Ajantina ta yi wasa 36 a jere ba a doke ta ba.

Bidiyon ya zagaya wayoyi, har a ƙauyukan bakin tafkin Kainji. Amma akwai abin da ya faru tun kafin jawabin. Sau uku Ajantina ta jefa ƙwallo a raga a zagayen farko, alƙalin wasa yana sokewa saboda satar gida. Masu tsaron bayan Saudiyya suna matsowa gaba tare, a layi ɗaya, a daƙiƙa ɗaya. Irin wannan ba a koyon sa a hutun minti 15. A lokacin, Renard yana riƙe da ƙungiyar tun 2019, kuma duka 'yan wasansa a gasar cikin gida suke bugawa, sun san juna. Ba don wannan tarkon ba, da wasan ya ƙare tun kafin ya buɗe baki.

Sannan kocin bai sauya ba, muryarsa ma ba ta ragu ba, amma Poland ta doke Saudiyya 2-0, Mexico ta ci ta 2-1, ta koma gida daga matakin rukuni.

Diego Maradona ya fi kowa zafi a bakin layi lokacin da ya horar da Ajantina. Yana rungumar 'yan wasa, yana sumbatar su, su kuma suna ganin sa kamar uba. Duk da haka Bolivia ta lallasa su 6-1 a 2009, Jamus kuma ta fitar da su da ci 4-0 a gasar duniya ta 2010, alhali Messi na cikin fili. A ɗaya ɓangaren, Carlo Ancelotti, wanda da wuya a ga ya ɗaga murya, ya ɗauki kofin Zakarun Turai sau biyar a matsayin koci.

Inda zuciya ta yi aiki da gaske

Wannan ba ya nufin ƙarfafa gwiwa aikin banza ne. 'Yan Najeriya sun ɗanɗana tasirinsa a jikinsu a farkon 2024. Equatorial Guinea ta ci Ivory Coast 4-0 a gidanta a gasar cin kofin nahiyar Afirka, aka kori koci Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasa, aka miƙa wa mataimakinsa Emerse Faé. Ƙungiyar da ta tsallake rukuni da ƙyar ita ce ta fitar da Senegal da Mali da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Congo, sannan ta doke Super Eagles 2-1 a wasan ƙarshe a Abidjan ranar 11 ga Fabrairu.

Faé ya dawo wa 'yan wasan da yarda da kansu, wannan a fili yake. Amma ya haɗa da sauye-sauyen da ido ke gani. Ya dawo da gogaggu irin su Jean Michaël Seri da Max Gradel cikin 'yan wasan farko, ya kuma yi sa'ar murmurewar Sébastien Haller da Simon Adingra, waɗanda suka haɗa ƙwallon da ta ba su kofin.

Marigayi Stephen Keshi ma haka. A 2013 ya ajiye wasu manyan sunaye, ciki har da Peter Odemwingie, ya tafi Afirka ta Kudu da 'yan wasa shida daga gasar cikin gida, ana ta sukar sa. Ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, shi ya ci ƙwallon da ta fitar da Ivory Coast, shi ya kuma ci wadda ta doke Burkina Faso a wasan ƙarshe, Najeriya ta ɗauki kofin bayan shekara 19. Babbar zugar da Keshi ya yi wa Mba ita ce sanya sunansa a takardar 'yan wasan farko. Yaron da ya ga an amince da shi a aikace ya fi wanda aka cika wa kunne da kirari kwazo.

Sai dai ko Keshi ya gamu da iyakar wannan baiwa. A gasar duniya ta 2014 a Brazil, 'yan wasansa sun ƙaurace wa atisaye saboda rikicin alawus, kwanaki kaɗan kafin karawa da Faransa, wadda ta ci su 2-0. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ko a nan Arewa, tarihin Kano Pillars na da abin faɗa. Sai Masu Gida sun lashe gasar Firimiyar Najeriya a 2008, 2012, 2013 da 2014, a hannun koci uku: Kadiri Ikhana, Baba Ganaru da Okey Emordi. Kowannensu da halinsa da salonsa. Abin da bai sauya ba a shekarun uku na jere shi ne ginshiƙan ƙungiyar, irin su Rabiu Ali da Gambo Mohammed, da suka daɗe suna wasa tare.

Abin da ake asara a Shanga

Kocin unguwa a Shanga, Dugu Tsoho, Yelwa ko Wara ba shi da albashi. Sau da yawa shi ke sayen ƙwallo, shi ke roƙon kuɗin mota idan za a je wasa wani gari. Ba don kishi ba, da babu ƙungiyar ma baki ɗaya, kuma ya cancanci yabo a kan haka. Yaransa kuwa wasu daga gona suke zuwa fili, wasu daga jan koma, wasu daga acaɓa. Ba su zo da hutun ɗan wasan Turai ba.

Matsalar na farawa ne inda kishi ya rikiɗe ya koma zagi. Yaro ɗan shekara 14 da aka ambaci iyayensa a gaban jama'a don ya ɓarar da ƙwallo, gobe ba zai sake neman a ba shi ƙwallon ba. Zai riƙa ɓuya a bayan abokin karawa, ko ya doke ta sama da zarar ta zo ƙafarsa don ya rabu da ita. Wani ma daina zuwa zai yi, kuma wanda ya bar fili da yamma ba a san majalisar da za ta karɓe shi ba. Ta haka ake rasa yaron da wata rana zai iya kaiwa Kebbi United ko ma gaba.

Akwai kuma haɗari na biyu. Kocin da ke tasar wa alƙalin wasa da hargowa yana ba 'yan kallo izini ne ba tare da ya sani ba. Daga bakin layi wutar ke kamawa, ta shiga cikin magoya baya, wasan sada zumunci tsakanin ƙauyuka biyu ya ƙare da jifa, gasar da aka sha wahalar shiryawa ta tsaya.

Bambancin a bayyane yake. "Ku tashi, barci kuke yi!" hayaniya ce, domin ba ta gaya wa kowa abin da zai yi ba. "Lamba biyu, kada ka bar mai lamba goma sha ɗaya ya juya" umarni ne, ko da da ihu aka faɗe shi. Duk zafin da aka faɗi na biyun da shi, yaro zai amfana.

Don haka masu ɗaukar nauyin gasanni a masarautar Yauri, daga shugabannin ƙananan hukumomi zuwa 'yan siyasar da ke sa kofi, suna da rawar takawa. Kuɗin da ake kashewa a bikin rufe gasa, wani kaso nasa zai iya ɗaukar nauyin kwas na 'yan kwanaki ga masu horarwa, tare da haɗin gwiwar hukumar ƙwallon ƙafa ta jihar Kebbi. Dokokin gasa su tanadi hukunci ga kocin da ya zagi yaro ko alƙali, kamar yadda ake hukunta ɗan wasa. Masu ƙungiya kuma, kafin su kori koci don ya cika shiru ko su ɗauko wani don yana da murya, su je filin atisaye ranar Talata da yamma su ga abin da yake koyarwa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar wasa ita ce ranar tafiyar.