Masu shan ƙwaya a Najeriya: kwanciya a asibiti ko jinya daga gida?

A duk lokacin da iyali suka gano cewa ɗansu ya faɗa tarkon miyagun ƙwayoyi, tambayar da ta fi saurin zuwa bakinsu ita ce ina za a kai shi. Ba kasafai ake tsayawa a tambayi ko lallai ne a raba shi da gida ba. To amma likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe suna bambanta hanyoyi biyu: a kwantar da mutum a asibiti na tsawon makonni, ko kuwa ya ci gaba da zama cikin iyalinsa yana zuwa ganin likita a ranakun da aka tsayar masa.

Girman matsalar kaɗai ya isa ya nuna cewa ba kowa ne zai samu gado ba. Binciken da hukumar ƙididdiga ta Najeriya ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya gano cewa mutane miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wata ƙwaya cikin shekara guda, kuma kusan miliyan 3 daga cikinsu jarabar ta riga ta zame musu cuta. Ko da an haɗa gadajen asibitocin ƙwaƙwalwa na Kaduna da Kware da Maiduguri da Dawanau, an ƙara da cibiyoyin hukumar NDLEA, ba za su ɗauki ko ɗan ƙaramin kaso na wannan adadi ba.

Waɗanda kwanciya ta zame wa dole

Akwai waɗanda barinsu a gida ganganci ne. Wanda jikinsa ya saba da giya mai yawa, ko magungunan barci irin su diazepam da wadda matasa ke kira rochi, idan ya daina kwatsam yana iya faɗuwa da farfaɗiya, ko ya ruɗe, har ma ya rasa ransa. Irin wannan a gaban ma'aikatan lafiya ake rage masa sannu a hankali. Haka kuma wanda shan ya taɓa masa hankali, da mai yunƙurin halaka kansa, da wanda a gidan da yake kwana ne ake shan ƙwayar.

Lamarin ya ɗan bambanta ga masu shan tiramadol da kodin, waɗanda suka yi kaka-gida a biranen arewa har gwamnati ta haramta yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayun 2018. Rabuwa da su tana zuwa da ciwon gaɓoɓi da gudawa da zufa da rashin barci, amma mafi tsananinta kan lafa cikin mako ɗaya ko biyu, kuma da wuya ita kanta ta yi kisa. Babban haɗarin yana bayan sallama ne. Jikin da ya yi wata guda bai ga ƙwaya ba ya rasa juriyar da ya saba da ita, saboda haka idan mutum ya koma ya sha adadin da yake sha a da, numfashinsa na iya tsayawa. Iyalai da dama ba su san da wannan ba, suna ɗaukar ranar fitowa a matsayin ranar warkewa.

Shi ya sa ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 tare da wancan ofishi na Majalisar Ɗinkin Duniya suka ɗauki wanke jiki daga ƙwaya a matsayin mataki na farko kawai, suka kuma jaddada cewa a yi jinya da yardar mai ita. Masana a Amurka sun daɗe da nuna cewa jinyar da ba ta kai wata uku ba amfaninta kaɗan ne, a kwance aka yi ta ko a tafe. Iyali nawa ne za su iya biyan kuɗin gado na wata uku?

Abin da aka gwada a Aro

Jinya ba tare da kulle ba ba baƙon abu ba ne a Najeriya. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya ɓullo da wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda masu taɓin hankali kan sauka a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa da ɗan uwa mai kula da shi, su je asibiti da rana su koma masauki da yamma. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kuma Lambo daga baya ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya.

To sai dai a arewa abin da ya cike giɓin shi ne gidan mari. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka kai samame wani gida a Rigasa cikin Kaduna, suka fito da mutane fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Cikin makonni kaɗan aka bankaɗo irinsa a Daura da wasu wurare. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne da yawa iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi. Bai dace a yi saurin ɗora musu laifi ba, domin uwar da ɗanta ya sayar da kayan ɗakinta ya sha ƙwaya, mafita take nema ko ta halin ƙaƙa. Amma hakan ya nuna cewa sau da yawa gajiya da gudun abin kunya ne ke yanke shawarar, ba buƙatar mara lafiya ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta gindaya sharuɗɗa kan kwantar da mutum ba da son ransa ba. Aiwatar da ita kuwa wani zance ne dabam.

Jinya daga gida ma tana da nata rauni. Mai sayar da ƙwayar yana nan a bakin layi, abokai suna nan a majalisa. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, akasarinsu a manyan birane, ta yadda mutumin ƙauye zai kashe kuɗin mota da yini guda kafin ya ga likita na 'yan mintuna. Idan babu wani a gida da zai riƙe magani ya kuma raka shi, zuwan kan tsaya bayan karo biyu ko uku.

Duk da haka, ga wasu ita ce kaɗai ƙofar da ke buɗe. Binciken na 2019 ya nuna cewa ɗaya daga cikin kowane masu shan ƙwaya huɗu mace ce, alhali kuwa mata ƙalilan ne ake gani a wuraren jinya. Matar aure mai goyo ba za ta ɓace daga gidanta wata biyu ba tare da dangin miji da maƙwabta sun tambaya ba, kuma amsar na iya kashe aurenta. Zuwa asibiti sau ɗaya a mako kuwa, ba wanda zai ɗaga ido ya dube ta.