Wa ke biyan diyyar inuwa?

Duk garin da aikin gudron ko rabon filaye ya sauka a cikinsa, ma'aikacin farko da ke isa wurin shi ne mai gatari. Kafin injiniya ya gama awo, an kwantar da dogon yaro da maɗacin da suka shekara talatin ko arba'in a bakin hanya. In ka yi magana, sai a ce maka za a dasa goma a madadin kowane ɗaya.

To, mu duba wannan lissafi. Kowane ɗan kasuwa ya san in an karɓi raƙuminsa aka ba shi ƙwai goma, ba a biya shi ba. Ɗan icce da aka dasa ranar 3 ga Agusta, ranar bukin dashen itatuwa da ƙasarmu ke yi tun 1975, yana da wata biyu kawai na damina a gabansa. Daga nan sai rani na wata takwas, ga awaki, ga yara, ga zafin Afrilu da Mayu. Wanda ya tsira ma, sai ya shekara goma kafin mai tuwo-tuwo ko mai gyaran babur ya zauna ƙarƙashinsa. A tsakanin nan, wa ya biya su inuwar da suka rasa?

Abin mamaki, manomi ya riga birni fahimtar wannan. Tun wajen 1984, shekarar da aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a Maraɗi, manoman jihohin Maraɗi da Damagaram suka rungumi sassaben zamani: su bar kututturen da ke gona ya toho, su rage masa rassa, su tsare shi. Da haka aka raya itatuwa kimanin miliyan 200 a hekta wajen miliyan 5, ba tare da gandun reno ba. A Yamai kuwa, shingen itatuwan da aka fara dasawa a 1965 don kare birnin daga iska da ƙura, rabon filaye ya yi ta cinsa gefe-gefe.

Dokar dazuzzuka ta 2004 ta hana sare itatuwa irin su gawo sai da izini. Amma ba sara kaɗai ke kashe icce ba. Saiwarsa tana bazuwa har ta wuce iyakar inuwarsa, kuma mai shan ruwa da iska tana kusa da bisan ƙasa. A haƙa lambatu dab da gindinsa, manyan motoci su daddanne ƙasar, a malala siminti har wuyansa: bayan shekara biyu ko uku ya bushe a tsaye, a ce ajalinsa ne ya zo.

Shawarata ga ma'aikatan meri da masu rubuta takardun kwangila ita ce a ƙidaya itatuwan wuri kafin a zana taswira, tare da malaman daji, ba bayan an gama ba. Sau da yawa karkata lambatu da mita biyu ya isa ya ceci layin itatuwa sukutum. Wanda za a bari, a kewaye shi da shinge muddin ana aiki. Wanda ba makawa sai an sare, to maye gurbinsa ya shiga kwangila. Ai dama hukuma takan riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har sai an ga aikinsa bai tsage ba. A yi wa dashe haka: kada a saki kuɗin sai an je an ƙirga masu rai bayan rani biyu.

Alhazanmu masu gina kantuna ma, ku rage sare iccen ƙofa don allon suna ya fito. Mai saye da ya iso da azahar, inda zai ajiye babur ɗinsa a inuwa yake fara dubawa.