Bayan Jaje, Ina Jari?

A ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya malale Maiduguri da Jere. Kasuwar Monday da fadar Shehun Barno da asibitin koyarwa duk sun sha ruwa. Gudummawa kuwa ta zo: gwamnoni da attajirai suka yi ta layi, ana karanta miliyoyin naira a gidajen rediyo. Madalla. Amma ina so mai karatu ya tsaya ya duba irin abin da kan isa hannun wanda masifa ta shafa.

Galibi buhun shinkafa ne, da tabarma, da bargo, da ɗan kuɗin cefane. Wannan jaje ne, kuma Bahaushe bai taɓa raina jaje ba. Sai dai telan da kekensa ya yi tsatsa cikin taɓo, da mai ƙosan da ruwa ya tafi da kaskonta da wakenta, da manomin da shukarsa ta nutse ana saura kaɗan girbi, in shinkafar ta ƙare ina za su dosa? Abin da suka rasa shi ne hanyar neman abinci, watau jari. Wanda ya ci bashin taki kuwa, ruwa ya janye ya bar masa bashin daram.

Akwai kuma batun ƙirga. In aka bi gida-gida ana rubuta sunan mai gida, to ɗan haya da bazawara da almajiri an tsallake su ke nan, alhali kuwa su ne ba su da madafa.

Ba yau muka fara ganin wannan ba. Bayan ambaliyar 2012 Gwamnatin Tarayya ta ware naira biliyan 17.6, amma da ruwa ya dawo a 2022 sai aka koma rabon tabarmi kamar ba a taɓa yi ba. Ita kanta Alau ta taɓa yin ambaliya a 1994.

A ganina, a raba kuɗin agaji gida biyu tun ranar farko: na ciki da na sana'a. Na sana'ar a bi da shi ta hannun ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu unguwanni, domin su suka san wa ke da rumfa, a kuma manna sunayen waɗanda suka karɓa a ƙofar mai unguwa kowa ya gani. Inshorar amfanin gona da aka kafa tun 1987 ita ma a kai ta ƙauye, a bayyana wa manomi ita da harshensa kafin damina ta faɗi.