In Ka Je Ibadan, Ina Za Ka Sauka?

Jama'a 'yan'uwana ɗalibai, ga wata 'yar magana da nake so mu duba tun hutu bai zo ba. Duk mai jin Hausa, in ya je Ibadan ba ya tambayar masauki. Da ya sauka daga mota sai Sabo. Can zai sami tuwo da shayi da mai ce masa sannu da zuwa, ya kwana bakwai, ya komo ya ce wai ya ga Ibadan. Ni kuwa na ce Sabo ya gani.

Ba raina Sabo nake yi ba. Tun 1916 aka keɓe wa Hausawa wannan unguwa, masu fataucin goro da shanu, ta kuwa rufa wa baƙi da yawa asiri. Amma fa mu aikin malanta muke koyo. Gobe za a miƙa mana alli a ce mu koyar da tarihi da labarin ƙasa. Me za mu gaya wa yara in ba mu ga kome ba sai irin abin da muka baro gida?

A hutun da ya wuce wani abokina Bayarabe ya sauke ni gidansu, a gangaren tudun Mapo. Nan ne tsohon gari, inda mayaƙan Yarbawa suka kafa sansani wajen 1829. Na sha karanta wannan a littafi, amma ban gane dalilinsu ba sai da na hau tudun da ƙafata ina haki. Ashe wanda ke bisa yana hango abokin gaba tun daga nesa. Bisa tudun ga babban ɗakin taro na Mapo da manyan ginshiƙansa, wanda aka gama a 1929, ga kasuwar Oja'ba dab da shi. Kashegari muka hau Oke-Are, inda aka gina hasumiyar tunawa da Kyaftin Bower a 1936. Matakalarta ƙunci gare ta, tana murɗewa kamar dodon koɗi. Daga ƙolinta sai ka ga rufin kwano mai tsatsa ya malale iyakar ganinka, benen Cocoa House na 1965 ya yi zaƙo-zaƙo a tsakiya. Muka kuma gangara Kudeti, inda David Hinderer da matarsa suka zauna a 1853 suka buɗe makaranta.

To, kada in ɓoye muku wahalar. A gidan da na sauka ruwa sai an ɗauko da bokiti, hawa kuwa ba wasa ba ne. Mota ba ta shiga lungun, jakarka a kanka. Wata tsohuwa ta gaishe ni da Yarbanci na tsaya sororo, yara suka yi ta dariya, har yau in na tuna kunya nake ji. Amma da aka yi ruwan sama na kwanta hankalina kwance, gama ambaliyar kogin Ogunpa ta 1980 da ta 2011 mutanen kwari ta fi yi wa ɓarna.

Wani zai ce ba kowa ke da aboki a Mapo ba. Gaskiya ne. Amma akwai 'yan Ibadan a nan kwalejinmu, tare muke cin abinci kullum, ba mu taɓa tambayarsu ba. Shawarata ita ce a yi kwana biyu a tudu, sauran a koma Sabo a huta. A tafi da takalmi mara santsi, a kuma koyi gaisuwar safe tun daga nan.