Golf a Dutse: filin yana nan, kakar gasa ce babu

Ka taɓa lura da abin da ke biyo baya idan wani ya ɗora hoton 'yan golf a Facebook? Kafin minti biyar sharhi ya cika: wasan attajirai ne, wasan waɗanda suka ƙoshi ne, me ya haɗa talaka da shi. Ana dariya, ana tura wa juna. To amma ku da ke Birnin Kudu da Gwaram, ku sani cewa a masarautarku ta Dutse akwai filin golf, wanda marigayi Sarki Nuhu Muhammad Sanusi ya assasa saboda son da yake wa wasan da kuma dashen itatuwa. Sarkin ya rasu a Janairun 2023. Filin yana nan, kuma daga Birnin Kudu ba wata tafiya ba ce mai nisa.

Ba ina cewa golf ba shi da tsada ba. Sanduna kaɗai sun fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Sai dai attajirin da ke buga wasan da yamma don motsa jiki daban, ƙwararren da ke cin abinci da shi daban. A Najeriya, da yawa daga cikin ƙwararrun sun fara ne da ɗaukar wa masu kuɗi jakar sanduna, suna bin su rami zuwa rami har 18, suna kallo, suna koyo, su ari sanda su gwada bayan maigida ya tafi. Peter Akakasiaka, wanda ya kai ga buga babbar gasar Open ta Birtaniya a 1988, ɗan ƙasar nan ne, ba daga wata duniya ya faɗo ba.

Matsalar ita ce ƙwararren ɗan golf ba shi da albashi. Ba kamar ɗan ƙwallon ƙafa ba ne da kulob zai biya shi ko ya buga ko yana benci. Shi zai biya kuɗin motarsa da masaukinsa, ya shiga gasa ta kwana huɗu, bayan kwana biyu a sallami waɗanda makinsu bai kai ba, su koma gida hannu rabbana. Wanda ya tsallake ne kawai ke samun rabo. Don haka gasa ɗaya a shekara, wadda ake shiryawa saboda bikin wani babba, ba ta riƙe kowa. Abin da ke mayar da wasan sana'a shi ne kaka: jerin gasa a garuruwa daban-daban, da ranaku sanannu tun farkon shekara, da jadawalin da ke tara kuɗin da kowa ya ci.

Kuma mun taɓa samun haka fa. A shekarun 1970 da 1980 akwai zagayen da ake kira Safari, inda ƙwararrun Turai ke gudun sanyi su zo Afirka, su buga a Najeriya da Kenya da Zambiya da Kodebuwa. Sandy Lyle ya ci gasar Nigerian Open a 1978, bayan shekara 10 ya ci Masters ta Amurka. Vijay Singh, ɗan tsibirin Fiji, ya ci ta Najeriya a 1988 da 1989 tun duniya ba ta san shi ba, sannan ya ɗauki Masters a 2000.  Kenya ta riƙe tata gasar har ta shiga babban jadawalin Turai a 2019. Mu kuwa tamu ta faɗo daga jadawalin tun shekarun 1990, aka yi shiru.

Arewa ba ta rasa filaye ba. Ga na Kano, ga na Rayfield a Jos tun 1913, ga na Kaduna, ga na Dutse. Wasu ma ba ciyawa aka shimfiɗa a bakin ramin ba, yashi ne ake kwaɓawa da mai a daddale, dabarar da ta dace da ƙasar da ruwa ke wahala. Garuruwa huɗu ke nan da mota za ta haɗa su. Me zai hana a jera gasa a cikinsu lokacin hunturu, kowace shekara, ba sai an jira ranar haihuwar wani ba?

Akwai wanda zai ce, jihar da ke fama da yaran da ba sa zuwa makaranta ina ita ina golf. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ban ce a ɗebi kuɗin baitulmali ba. Bankuna da kamfanonin sadarwa da ke ɗaukar nauyin irin waɗannan gasa a Legas da Abuja, a nan ma suna da kwastomomi. Abin da ya rage wa masarauta da ma'aikatar matasa da wasanni shi ne buɗe ƙofa: rana ɗaya a mako ga 'yan sakandare, sandunan aro, mota ɗaya daga Birnin Kudu, wata daga Gwaram. 'Yan mata ma a saka su, wasan ba na maza kaɗai ba ne.

Kai kuma da wayarka ke hannu, idan hanya ta kai ka Dutse, ka leƙa filin, ka tambayi yadda ake ɗaukar masu riƙe jaka da abin da ake biyansu a zagaye ɗaya, ka ɗora amsar a shafinka. Sannan ka ambaci ɗan majalisarku a ƙasan rubutun, ka tambaye shi yaushe yaran mazaɓarsa za su fara shiga.