Zancen Lafiya: Ciwon Mafitsara ga Mata

Zancena na wannan mako a kan wata cuta ce wadda mata ke jin nauyin ambatonta, mu maza kuwa ba mu ko tambaya, watau ciwon mafitsara. Ba yoyon fitsari na ke nufi ba, wannan dabam ne.

Likitoci sun ce wajen rabin mata duk sai sun gamu da ita, ko da sau ɗaya a zamansu na duniya. Mafarinta yawanci wata ƙwayar cuta ce da ke zaune cikin hanjin kowa. Da ya ke hanyar fitsarin mace gajera ce, ba ta fi inci ɗaya da rabi ba, nan da nan ƙwayar ta kan hau.

Wadda ba ta da ciki ta kan ji zafin fitsari da ciwon mara, ta san da abin. Mai ciki fa, a nan haɗarin ya ke. Ciki ya kan danne hanyoyin da ke sauko da fitsari daga ƙoda, fitsarin ya riƙa kwanciya, ƙwayar ta yi ta yaɗuwa. Cikin masu ciki 100, a kan sami 2 har zuwa 10 suna ɗauke da ita ba su jin kome. In an bar ta, sai ta haura ƙoda, ta kawo zazzaɓi mai zafi da ciwon kwiɓi, har a haihu tun lokaci bai yi ba. Saboda haka a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa gwada fitsarin mai ciki, in an ga ƙwayar a ba ta magani na kwana 7.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne, daga Jega zuwa Aliero har Maiyama, maigida ya kan sayo kafso biyu a kasuwa ya miƙa, wai ya yi magani. Haba! Mu da mu ke ɗaukar mai karaya tun daga nesa zuwa wurin masu ɗori na Aliero, kai mace awon ciki ya gagare mu? Kafso biyu ba su kashe ƙwayar, sai dai su koya mata taurin kai, wasunsu ma suna cutar ɗan da ke ciki.

Ina roƙon magidanta, wanda iyalinsa ke da juna biyu ya bar ta ta je awo, ya kuma ce a duba mata fitsari ko da ba ta kukan kome.